Shuɗin Dutsen Mambila: Nauyi Ake Dubawa Kafin Launi

Duk wanda ya saba da zafin Jalingo ko na Garwa, in aka ce masa ya sayi rigar sanyi kafin ya kama hanyar Gembu, dariya zai yi. Dariyar za ta raka shi Bali, ta raka shi Serti, amma ba ta wuce Mayo Selbe. A nan ne hanya take barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta fara naɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, hannun direba ba ya barin giya, fasinja kuwa kowa na karanto abin da ya sawwaƙa. Kafin a kai Maisamari an ɗage gilasan mota, masu goyo sun ƙara zani. Sai ƙasa ta buɗe: tuddai kore shar iya ganinka, ba ƙaya ba sabara, jajayen shanu sun bazu a kansu, ga layin bishiyoyin zaiti, ga hazo yana yawo ƙasa-ƙasa kamar hayaƙin girkin biki.

Wannan ita ce Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, tudun da yawancinsa ya haura mita 1,500 daga gaɓar teku. Sunan ƙaramar hukumar ma tarihi ne. Yankin ya zauna a hannun Jamus, ya koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na farko, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya zaɓi Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan sarautar Ahmadu Bello. Amma iyaka a takarda take. Mutanen Banyo da Mayo Darle suna shigowa ta Dorofi da Kan Iyaka kamar yadda kakanninsu suka yi, naira da sefa duk suna yawo a aljihu ɗaya, kuma a kasuwa za ka ji Mambilanci da Hausa, sai dai Fillanci ya fi kowanne tashi. An san tudun da shanu, da shayin Kakara, da ayaba da fiya, da tsofaffin motocin Landiroba waɗanda ba wanda zai iya gaya maka shekarunsu.

Abin da ya kai ni kuwa ƙaramin abu ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Masu saye suna kiransa safaya, a bakin rami kuma sau da yawa "bulu" kawai za ka ji. Sunansa da muka gada daga Larabci shi ne yaƙutu, kalmar da duk ɗan makarantar allo ya taɓa cin karo da ita a Suratur Rahman. Mu ja muka fi sani, alhali ja da shuɗi iyali ɗaya ne, launi kawai ya raba su. An daɗe ana tsintarsa a Mambila, amma wajen 2013 zuwa 2014 ne labari ya fashe, bayan wasu duwatsu masu haske da girma sun bayyana a kasuwannin Tailan. Cibiyar GIA mai binciken duwatsu masu daraja ta fitar da rahoto a kansu a 2014. Mayo Sina, kusa da Nguroje, ta cika da bukkokin leda. Aka zo daga Zamfara da Filato, aka zo daga Kamaru, masu saye kuma suka zo daga Senegal da Mali da Gini. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna da ɗan'uwa ko maƙwabcin shago da ya kulle ya tafi, wani ya dawo da mota, wani ya dawo da tari da bashi.

Me ya sa a nan, ba a Kano ko Maraɗi ba? Amsar tana ƙarƙashin ciyawa. Wanda yake fatauci a Kamaru ya riga ya san rabinta ko da bai haɗa ba. Dutsen Kamaru da ke kan Buya ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Tafkin Nyos, wanda ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 a daren 21 ga Agusta 1986, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika. Dogayen duwatsun Rumsiki da ake ɗaukar hoto, toshiyar maƙogwaron irin waɗannan duwatsu ne da suka mutu. Duk a jere suke, layi guda mai tsawon kusan kilomita 1,600, daga tsibiran cikin teku irin su Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu ya ratsa yammacin Kamaru, ya yi reshe zuwa Ngaundare, ya yi wani zuwa Biu. Mambila tana kan wannan layi. Wutarta ta mutu tun miliyoyin shekaru, amma ta bar baƙin dutse mai nauyi a shimfiɗe a kan tudun, wanda za ka gani a inda aka yanka gefen hanya.

Shi yaƙutu ba a cikin wannan baƙin dutsen aka haife shi ba. Can ƙasa sosai ya ƙulla, a zurfin da ba mahaƙin da zai taɓa kaiwa. Da narkakken dutse ya taso da gudu zai fito, sai ya yaɓo shi a hanya, kamar yadda babbar mota ke ɗaukar fasinjan bakin titi. Shi ya sa duk inda aka sami irin wannan baƙin dutse ake sa rai: Jama'a a kudancin Kaduna, Cantaburi a Tailan, Pailin a Kambodiya, gabashin Ostireliya, arewacin Madagaska. Sai dai fasinjan ɗaya ne a cikin mota dubu. In ka ɗauki guduma ka ce za ka fasa baƙin dutse ka nemo shi, za ka tsufa ba ka ga ko ɗaya ba. Na ga wani saurayi sabon zuwa yana wannan aikin, tsofaffin hannu suna wucewa suna yi masa sannu da aiki, ba wanda ya tanka.

Ruwa ne ya yi wa mutane aikin. Damina a Mambila doguwa ce, takan ci wata bakwai ko fiye. Ruwan ya jiƙa baƙin dutse shekara da shekaru har ya ruɓe ya zama jar ƙasar nan mai santsi da ke kayar da 'yan acaɓa. Yaƙutu ba ya ruɓewa. Ƙasa ta tafi, shi ya zauna, rafi ya mirgina shi kaɗan-kaɗan, da yake kuma ya fi tsakuwa nauyi, sai ya nutse ya kwanta a can ƙasan, a kan taurin da ruwa ya kasa ci. Don haka mai nema ba tudu yake kallo ba, kwari yake kallo: cikin gwiwar rafi inda ruwa ke rage gudu, bayan dutsen da ya gitta wa ruwa, da tsohuwar hanyar rafi wadda yanzu ciyawa ta rufe. Ana cire baƙar ƙasar sama, a wuce laka, har a kai shimfiɗar tsakuwa. Wani wuri iya ƙugu ne, wani wuri sai mutum ya ɓace a ciki. Wannan shimfiɗar kaɗai ake ɗurawa a buhu a kai bakin ruwa.

Wankin shi ne abin kallo, kuma duk macen da ta iya regen shinkafa ta riga ta san sirrinsa. Da sassafe, sanyi na yanka ƙashi, mutum ya shiga ruwa iya gwiwa da rariya mai faɗi. Ya zuba tsakuwa, ya murje laka da hannu har ruwa ya daina ja. Sannan ya nutsar da rariyar ya riƙa girgiza ta sama da ƙasa, gajere-gajere, yana juya ta kaɗan bayan kowane 'yan girgiza. Mai sauƙi ya taso sama ya koma gefe, mai nauyi ya nutse ya taru a tsakiya. In ya gamsu, sai ya fito ya kifar da ita a kan buhu da bugu ɗaya, kamar mai juye malmalar tuwo. Abin da ke ƙasa ya dawo sama. A tsakiyar malmalar za ka ga wani baƙin da'ira kamar ƙwayar ido, nan kowa ke sunkuyawa. Wanda hannunsa bai faɗa ba, da'irarsa takan watse, kuma ba mamaki dukiyarsa tana cikin tsakuwar da ya zubar. Akwai mata da yara da ke bin irin wannan zubarwar suna sake wankewa, kuma ba kullum suke tashi hannu banza ba.

Baƙin da'irar nan yawancinsa ba yaƙutu ba ne, abokan tafiyarsa ne. Akwai baƙin dutse mai ƙyalli kamar fasasshen gawayi da aka shafa wa mai, sunansa sifinel. Akwai 'yan ƙanana masu ruwan zuma ko ja-ja, masu walƙiya, su ne zarkon. Akwai baƙin yashi mai ƙarfe wanda wani sashensa ke bin maganaɗisu. Mota ɗaya ta kawo su duka, ruwa ɗaya ya tace su. Mahaƙi in ya ga sifinel da zarkon sun yi yawa, ya san yana kan hanya, ko da bulu bai fito ba tukuna. In kuwa farar tsakuwa zalla rariya ke bayarwa, gara a tattara a matsa gaba.

To ga dutse ya fito, ko kuma ga wani ya tare ka a bayan masallaci ya buɗe 'yar takarda. Nan ne jari ke tsira ko ya nutse. Baƙo launi yake fara kallo, kuma launi shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira: fasasshiyar kwalbar turare ma shuɗiya ce. Wani dattijo ɗan Banyo da ya daɗe a harkar ya ɗora mini guda biyu, ɗaya a kowane tafi, ya ce, "Malam, rufe idonka tukuna. Wanne ya zauna?" Girmansu ɗaya, amma ɗaya ya danna tafin hannu kamar ɗan ƙarfe, ɗayan kamar ba komai. Ya ce, "To buɗe. Wanda ya zauna shi za mu yi magana a kai."

Bayan nauyi sai siffa. Yaƙutu yana girma da kusurwa shida. Wani kamar ƙaramar ganga, mai ciki a tsakiya da tsukakkun bakuna, wani kamar guntun fensir, wani faifai-faifai. Ko ya karye, in ka juya shi a hankali sau da yawa za ka ga ragowar kusurwoyin, da 'yan layuka a kwance a jikinsa, wani lokaci da ɗan zane mai kusurwa uku a kan bakin da ya yi lebur. Na irin wannan ƙasa yana da wata alama tasa: da yake ya yi tafiya a cikin wuta, fatarsa takan yi kamar alewar da aka tsotsa aka ajiye, gefuna sun dakushe, jiki na sheƙi. Kwalba kuwa in ta fashe, fashewarta lanƙwasa take kamar cikin cokali, bakinta da kaifi. Masu dabara suna gurza ta a yashi don ta yi kama da abin da rafi ya mirgina, amma gurzar ba ta ba ta kusurwa shida.

Sai tauri. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'un daimon ne 10, yaƙutu 9, farin dutsen ƙanƙara 7, gilashi bai kai 6 ba. Saboda haka ɗan guntun farin dutse mai santsin fuska ya isa kayan aiki: yaƙutu zai karce shi ya bar layin da yatsa ba ya gogewa, kwalba kuwa sai dai ta bar garinta. A nemi izinin mai kaya kafin a gwada, kuma da gefen da ba shi da kyau. Abin da ba a yi shi ne bugu. Har yanzu akwai masu cewa dutsen gaske ba ya fashewa, a sa shi a kan maƙera a gani. Yana fashewa sarai. Ƙin karcewa daban, ƙin fashewa daban, kuma Allah kaɗai ya san dukiyar da wannan gurguwar fahimta ta mayar gari.

Gwajin da na fi yarda da shi, kofin ruwa ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗan kasuwar da ya iya lissafin canjin sefa ya kasa shi ba. Ana buƙatar ƙaramin sikelin aljihu mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu zinariya, da zare, da ƙaramin kofin roba. Ka auna dutsen a bushe ka rubuta. Ka ɗora kofi da ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure dutsen da zare ka saukar da shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindi ko gefe. Lambar da ta fito ka rubuta. Ka raba ta farko da ta biyu. In dutsen giram 2.00 ne a bushe, a ruwa sikeli ya nuna 0.50, amsa 4 ke nan, kuma 4 ita ce lambar yaƙutu. Kwalba takan ba da wajen 2.5. Shuɗin dutsen nan mai ruwan sararin sama da ake haƙowa a Nasarawa, akwamarin, 2.7 yake bayarwa. Tofaz na wajen Jos 3.5. Zarkon yakan haura 4.5. Akwai gilashi mai dalma da ke da nauyi, amma shi karce ke tona masa asiri. Gwajin ya fi faɗin gaskiya in dutsen ya kai giram guda, ƙanana sosai sikelin aljihu ba ya iya musu adalci. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kusan shekara dubu da suka wuce malamin nan Albiruni ya auna duwatsu masu daraja da ruwa, kuma yaƙutu ya ɗauka ya zama ma'aunin da yake gwada sauran da shi.

Akwai abu ɗaya da ke tsallake karce ya tsallake kofin ruwa, kuma shi ya fi cin jarin mutane. A 1902 wani Bafaranshe, Verneuil, ya bayyana hanyar narka garin sinadarin da harshen wuta, yana ɗiga yana daskarewa har ya zama sanda kamar kyandir. Abin da ya fito yaƙutu ne ta kowace fuska, taurinsa 9, nauyinsa 4, sai dai a masana'anta aka yi shi, kuma da kilo ake sayar da shi. Irinsa ne gilashin agogo masu tsada. Ana farfasa shi, a gurza, a shafa masa jar ƙasa, a hau da shi tudu. Kada mutum ya ce ai a bakin rami na saya, da idona na ga an ciro shi daga rariya. Abin da aka ciro daga rariya, ana iya sa shi a rariya. Maganinsa madubin ido mai ƙara girma sau goma da tocila. Ka jiƙa dutsen, ko ka sa shi a farin kofi da ruwa, ka haska daga gefe. Na Allah, launinsa a layuka miƙaƙƙu yake, masu karyewa da kusurwa kamar gefen ɗakin zuma, kuma da wuya a rasa ɗan datti a ciki: siraran allurai, ɗan gajimare, ƙwayar wani dutse. Na masana'anta, layukansa lanƙwasassu ne kamar bakan gizo, wani lokaci da 'yan kumfa zagayayyu. In dutse ya yi girma, ya yi tsabta tas, launi ya yi daidai ko'ina, mai shi kuma yana sauri yana waige-waige, to ni dai ina mayar masa da takardarsa in yi masa fatan alheri.

Ko an tabbatar na gaske ne, ciniki bai fara ba, don yawancin na gasken ma ba su da kuɗi. Ƙarfe da titaniyam ne ke ba shi shuɗi, kuma duwatsun da wuta ta kawo ƙarfensu yakan yi yawa, sai shuɗin ya yi duhu har ya koma kamar tawada. Tocila maƙaryaciya ce a nan. Ka manna ta a bayan kowane baƙin dutse, zai yi maka shuɗi mai sa hawaye. Amma matar da za ta sa zobe a Dubai ba da tocila take yawo ba. A ɗora shi a kan farar takarda, a inuwa, da hantsi, a ja baya kaɗan. In shuɗin ya fito da kansa, dutse ne. In ya zauna baƙi ƙirin, to baƙi zai zauna ko wa ya yanka shi. Sannan a juya shi: ta tsawonsa, wato in kana leƙa bakin gangar, shuɗi ne sosai, ta gefe kuwa yakan ja zuwa kore. Haka halittarsa take, kwalba ba ta yin wannan. Mai yanka dole ya fuskantar da shi ta inda shuɗin yake, ko da hakan zai ci rabin dutsen, don haka siffar da ke ba da faɗi ta wannan fuskar ta fi doguwa siririya daraja, ko da nauyinsu ɗaya. Ana samun kore da ruwan ɗorawa da mai launi biyu, suna da kasuwarsu, amma ba ta kai ta shuɗi ba.

Tsaga ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma ake ɓoyewa da mai. Dutsen da aka ajiye a 'yar kwalbar man gyaɗa ko aka fito da shi daga baki yana sheƙi, tsagarsa ta cike ba a gani. A wanke shi da sabulu, a bar shi ya bushe sosai, sannan a duba. In ana zargin an shafa masa shuɗi, ɗan auduga da ruwan goge farce ya isa. A riƙa tunawa kuma giram ɗaya karat biyar ne, amma ba karat biyar za a sayar ba: wurin yanka sau da yawa kashi ɗaya cikin uku ne ke tsira, ko ƙasa da haka. Dutse mai giram ɗaya da tsaga a tsakiya ƙananan duwatsu biyu ne, kuma kuɗin ƙanana biyu bai kama ƙafar na babba ɗaya ba, don farashin karat tsalle yake yi in girma ya ƙaru.

Cinikin kansa ba shi da rumfa. A barandar shago ake yi, ko a ɗakin da mai saye ya kama haya, da ɗan tebur da farin faranti da hantsaki. Akwai ladabinsa. In dutse yana hannun wani yana dubawa, ba ka sa baki, ba ka ma nuna ka gani, sai ya mayar an naɗe. In ka taya aka sallama, ka saya ke nan, babu "bari in je in dawo". Mafi yawan ramuka kuma suna da mai ɗaukar nauyinsu, wanda ke ba da garin masara da man injin ban-ruwa, a kan sharaɗin duk abin da ya fito shi za a fara kai wa. Wanda ya saya ta bayan fage a irin wannan rami ya sayi rigima, kuma garin ƙarami ne, kafin la'asar kowa ya ji. A ganina wannan tsari shi ya sa mahaƙi ke zama a inda yake. Wanda ya ci bashin tuwo ba ya iya cewa a'a, kuma galibi bai san abin da ke hannunsa ba. Shi ya sha sanyin ruwa, amma a cikin duk waɗanda dutsen zai bi ta hannunsu har Bankok, shi kaɗai ne bai taɓa riƙe madubi ba. Kuɗin sikeli da madubi bai kai na buhun masara biyu ba.

Can Tailan, musamman Cantaburi, yawancin duwatsun ana gasa su a tanda mai tsananin zafi don launi ya gyaru, gajimaren ciki ya washe. Sana'a ce tasu ta gado, kasuwa kuma ta yarda da ita in an faɗa. Amma wanda ya yi kyau ba tare da gashi ba ya fi tsada nesa, kuma abin da ya ɗaga sunan Mambila ke nan. Saboda haka kada wani ya ce zai gwada da kurfoti a bayan gida. Zai fasa dutsen, ko ya kashe masa wannan darajar.

Mai zuwa neman dutse yakan manta cewa ƙasar tana da masu ita. Kwarin da ake haƙa, mashayar shanun wani ce ko gonar wani. Na bi wani kwari da aka tashi daga cikinsa: ramuka ɗaruruwa a buɗe, ruwa ya cika su, ciyawa ta rufe bakinsu. Wani makiyayi da ke kora shanunsa nesa da wurin ya ce mini da damina ba ya barin yara su bi ta nan ko da rana. Rafin da ke ƙasa ja wur yake, mata sai sun yi nisa kafin su sami na sha. Mambila wuri ne da maganar ƙasa ta riga ta yi tsami, an zubar da jini a kanta, na 2017 bai bar zukata ba har yanzu. Baƙon da ya sa diga ba tare da ya gaida mai gari ya nemi mai fili ba, wuta yake wasa da ita. Ramin kuma shi ma yana cin nasa: jar ƙasar in ta sha ruwa ba ta gargaɗi, kuma masu rarake ta ƙasa suna bin shimfiɗar tsakuwa su ne take fara rufewa. Wanda ke da ɗa ko ƙane a can, ya matsa masa ya bar ramin gefe in ruwa ya sauka.

Sai hukuma. A dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Haƙa na da lasisinta, saye da riƙewa na da tasu takardar, fitarwa waje ma haka. A 2023 gwamnatin Taraba ta ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, aka kafa kwamitin da ya yi ta kame. Ai dutse ƙarami ne, yana shiga kalmasar wando, shi ya sa mutane ke ganin takarda ɓata lokaci ce. Amma wanda aka kama da shi a shinge ba shi da bakin magana, kayan sun tafi, kuma ba inda zai kai ƙara. Wanda zai taso daga Duwala ko Njamena ko Kumasi da jarin shagonsa, ya fara tambayar halin da ake ciki a wannan watan, ya nemi mai lasisin da zai shiga ƙarƙashinsa, kuma ya bar wa uwargida kuɗin cefanen wata uku, don dutse ba ya juyawa da sauri kamar atamfa.

Wanda aka saya kuma a naɗe shi shi kaɗai, a farar takarda mai ninki, da ɗan auduga. In aka haɗa shi da zarkon ko tofaz a ƙulli ɗaya, kafin a sauka Serti ya karce su duka. A bayan takardar a rubuta nauyi, da rana, da sunan rafin da ya fito. Masu saye a Bankok suna tambayar asalin dutse, kuma 'yar takardar da aka rubuta Mayo Sina da kwanan wata takan sa su gyara zama.